Kafin ka kwashi iyali zuwa Gilasgo

Ranar da na tarbo iyalina a filin jirgin Gilasgo, cikin Janairun 2023, ƙarfe huɗu da rabi na yamma muka fito waje, gari ya riga ya yi duhu, ana wani yayyafi mai zuwa a karkace. Autanmu ya ja hijabin uwarsa ya ce, "Mama, an yi isha'i ne?" Ita ko kallonsa ba ta yi ba, haƙoranta sai kaf-kaf suke. Daga Sakkwato na ɗauko su, garin da a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, na sauke su a tsakiyar lokacin da mutanen garin da kansu ke ƙorafi a kansa. Laifina ne, kuma shi ya sa duk abokin aikin da ya kira ni ya ce takarda ta fito, kafin in taya shi murna nakan tambaye shi wane wata yake son kawo iyali.

Ni ma'aikacin jinya ne, aikin asibiti ya kawo ni Sikotilan. Abin da zan faɗa a nan na Gilasgo ne, amma wanda zai tafi wani babban birni na arewacin Birtaniya zai tsinci abin ɗauka.

Ka fara da takardar aikin kanta. Adadin da ke rubuce albashin shekara ne, kafin a cire komai. Kowa a gida zai buga shi da farashin fam a kasuwar canji ya ce ka haye, kai ma za ka buga, ba laifi. Bayan ka gama murna, ɗauki biro. Raba shi gida goma sha biyu, cire haraji, cire kuɗin inshorar ƙasa, cire na fansho. Sikotilan tana da nata ma'aunin haraji daban da na Ingila, don haka in za ka yi lissafi a intanet ka tabbata ka zaɓi nata. Daga abin da ya rage sai ka fitar da haya, da harajin ƙaramar hukuma wanda a nan ake haɗa shi da kuɗin ruwa, da gas da lantarki, da kuɗin mota, da cefane. In kai nas ne, ka tuna ba za a fara biyan ka cikakken albashin matakinka ba sai ka ci jarrabawar OSCE, wato gwajin aikin jinya a aikace, hukumar NMC mai rajistar ma'aikatan jinya ta ba ka lambar rajista, watannin farko a ƙaramin mataki za ka zauna. Bizar aiki kuma tana ɗauke da sharaɗin cewa ba ka da rabo a tallafin gwamnati, saboda haka kuɗin yaran da ka ji ana cewa Turawa suna karɓa kada ka sa shi a lissafi. A takardar aikin, ka nemi sakin layin da ke maganar mayar da kuɗi idan ka bar aiki da wuri, ka karanta shi sau biyu kafin ka sa hannu.

Duk wanda ya ce ka ba shi miliyoyi ya samo maka takardar ɗaukar nauyi, wadda wurin aiki ke bayarwa don neman biza, ka riƙe kuɗinka. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da asibitocin gwamnatin Birtaniya ba sa zuwa farautar ma'aikata, mutum da kansa yake nema kai tsaye, kuma dokar Birtaniya ta hana karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki don a sama masa aikin. Dokokin shige da fice suna sauyawa: daga 11 ga Maris 2024 an hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, amma nas da likita suna iya zuwa da nasu. Shafin gwamnati na gov.uk shi ne madogara, ba muryar da aka turo a zauren WhatsApp ba. Lokacin da na nema, kuɗin da ake son a gani a asusu na tsawon kwana 28 shi ne fam 1,270 na mai aikin, 285 na mata, 315 na yaro na farko, sai 200 ga kowane yaro bayansa. Mu da yara uku ya kama 2,270. Kowa sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, a Abuja ko Legas. Masu bizar aikin lafiya da iyalansu ba sa biyan kuɗin kiwon lafiya na shekara-shekara da sauran baƙi ke biya, wannan sauƙi ne babba.

Yanzu batun wata. Kai ka fara yin gaba kai kaɗai. Asibiti yakan ba sabon zuwa ɗaki na ɗan lokaci, ɗakin mutum ɗaya ne, ba na mai mata da 'ya'ya ba. Ka ci jarrabawa, ka buɗe asusun banki, ka tara takardun albashi biyu ko uku, ka kama gida, sannan ka kira su. Ni na iso a Oktoba, kewa ta dame ni, Hajiyarmu kuma kullum a waya sai ta ce, "Kai yaro, ba a barin mace da yara haka." Na biye wa zuciya na kawo su a Janairu. Da zan sake, tsakanin Mayu da Yuli zan kawo su. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, ciyawa shar, yara na wasa a fili har ka gaji da kiran su. Makarantun Sikotilan suna komawa a tsakiyar Agusta, ba Satumba kamar Ingila ba, sai yaro ya fara zango tare da kowa. Sanyi kuma ya riske su a hankali, Satumba, Oktoba, Nuwamba, jiki na sabawa kaɗan-kaɗan, uwargida ta riga ta san hanyar kasuwa da ta masallaci tun da sauran haske.

Mu Hausawa muna da kalma biyu, ɗari da sanyi, kuma sai da na zo nan na san amfanin bambancin. Na hunturu ɗari ne, busasshe, mai fasa leɓe da kaushi, rana na ɗagowa ya sake ka. Na Gilasgo sanyi ne jiƙaƙƙe. A Janairu ma'auni yakan tsaya tsakanin digiri 1 da 7, dusar ƙanƙara ba kullum ba ce, wata shekarar kwana kaɗan za ka gan ta. Ruwa ne da iska ba dare ba rana, danshi ya shiga bango, ya shiga katifa, ya shiga ƙashi. Ga kuma duhu. A ƙarshen Disamba rana na fitowa wajen tara saura kwata, ta faɗi huɗu saura kwata, tsakani ma sau da yawa hadari ya rufe ta. Mai aikin awa goma sha biyu zai fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, azahar da la'asar da magariba duk su same shi a bakin aiki.

Don haka gida shi ne rabin maganar, kuma nan nake so ka daɗe. Yawancin gidajen haya a tsofaffin unguwanni benaye ne na jan dutse ko ruwan ƙasa, hawa uku ko huɗu, matakala ɗaya ta kowa. Suna da kyau a hoto, rufi can sama, tagogi manya. Wannan tsawon rufin da ya burge ka, kai za ka biya kuɗin ɗumama shi. Gidana na farko a hawan ƙasa yake, taga mai gilashi ɗaya, hitar lantarki a bango. Na kama shi don hayarsa ta fi sauran sauƙi da fam 100, a watan farko da iyali suka zo wuta ta cinye wannan rarar ta ninka. Mitar irin mai kati ce kamar tamu ta gida, kana tsaye kana kallon kuɗi na sauka.

Idan ka je duba gida, fara da tagogi: gilashi biyu ne ko ɗaya? Tambayi abin da ke ɗumama gidan, tukunyar gas mai tura ruwan zafi cikin ƙarafan bango ta fi hitar lantarki sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Kowane gidan haya yana da takardar EPC mai nuna yadda yake riƙe zafi, daga A zuwa G. C ya yi, D a lallaɓa, daga E zuwa ƙasa ka yi sallama. Hawan tsakiya ya fi ɗumi, domin na ƙasa da na sama suna taya ka. Ja labule ka leƙa kusurwar taga, ka duba bayan kabad, in ka ga baƙin tabo ko ka ji warin ruma, fumfuna ce, kuma sabon fenti a kusurwa ɗaya tak abin tuhuma ne. Kada ka tura wa kowa ko sisi kan gidan da ba ka shiga da ƙafarka ba. A Sikotilan dole mai gida ya yi rajista da hukuma, lambarsa tana jikin talla, kana iya bincika ta a intanet. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata biyu, kuma ba a aljihunsa zai zauna ba, akwai hukumomin da aka amince su riƙe shi. Dillali ba shi da ikon karɓar la'ada a hannun ɗan haya. Abin da ya cece ni shi ne, tun Disambar 2017 yarjejeniyar haya a nan ba ta da wa'adi, ɗan haya na iya ba da sanarwar kwana 28 ya tashi. A watan Afrilu muka tashi. Matsalar da za ka fi fuskanta ita ce a ce ka kawo mai tsaya maka, tunda ba ka da tarihin biyan kuɗi a ƙasar. Nemi wasiƙa daga wurin aikinka mai nuna albashi, ta kan wadatar a wurin wasu.

Unguwa kuwa, ka auna ta da abu uku: motar da za ta kai ka aiki ƙarfe bakwai na safe, makarantar yara, da inda uwargida za ta iya zuwa da ƙafa. Kudancin kogin Clyde, wajen Pollokshields da Govanhill, nan mahautan halal da shagunan 'yan Pakistan suka fi yawa. Babban masallacin gari, wanda aka buɗe a 1984, yana Gorbals, daf da kogin. Gida mai arha a bayan gari inda ba kowa sai ku, mota sai bayan rabin awa, zai fito da tsadarsa ta wata hanya.

Akwai abu biyu na gida da za ku bari a gida. Na farko gawayi. Kaskon wutar da muke shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, a ɗakinmu iska na shiga ta ko'ina, nan kuwa gida a toshe yake ruf, hayaƙin gawayi marar wari yana kashe mutane cikin barci. Ko na gashin nama kada ya shigo ciki. Na biyu ya fi sauƙi: turaren wuta. Tun Fabrairun 2022 doka ta ce na'urorin jin hayaƙi na kowane gida a Sikotilan su zama a haɗe, ɗaya ta yi ƙara duka su ɗauka. Kwana uku da zuwan maman yara ta turara ɗaki kamar yadda ta saba, gida ya kaure, yara suka fashe da kuka, wata tsohuwa daga hawan sama ta sauko da rigar barci tana buga ƙofa. Yanzu kaskon lantarki take amfani da shi, ɗan kaɗan, taga a buɗe. Tsohuwar kuwa ta zama ƙawarta, har ta san ɗanɗanon ƙosai.

Shanya ma sai an koya. Babu rana, kaya a ɗaki za su bushe, ruwan da ya fita daga jikinsu kuma bango yake komawa. Ku ware ɗaki ɗaya, ku ɗan buɗe taga, in da hali ku sayi na'urar tsotse danshi, ta fi talabijin amfani a shekarar farko. Kowace safiya a buɗe tagogi minti goma ko ana sanyi, a goge raɓar da ta kwanta a gilashi. Ɗakin da ake zama kada ya sauka ƙasa da digiri 18, musamman in akwai jariri. Rowar hita ba tattali ba ce, abin da ka ƙi ba kamfanin gas za ka biya shi da tarin yara.

Kayan sawa ba sai na ja ba. Kada ka cika akwati da manyan rigunan gwanjo, yawancinsu ulu ne mai shan ruwa. Saya wa kowa abin sauka daga jirgi kawai, rigar sanyi, hula, safa, takalmi rufaffe, sauran ku saya a nan, shagunan kayan hannu na ƙungiyoyin agaji suna ko'ina. Hawa uku ake sawa: mai kama jiki a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai hana ruwa a waje. Na wajen nan shi ne wanda ba a yi masa rowa, shi da takalmi. Lema ba ta kwana biyu a hannun iskar Gilasgo. Mata su sa dogon wando mai ɗumi a ƙarƙashin zani ko abaya, a kuma rage tsawon abin da ke jan ƙasa, domin bakinsa yana shan ruwa ya jiƙa ƙafa. Ni ma ranar Juma'a kaftanina nake sawa, sai dai Allah kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Gurbin da kuka rage a akwati ku cika shi da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa, zoɓo da man kaɗanya. Kilishi, dambun nama da man shanu an hana shigo da su, nama da kayan madara duka, kada Hajiya ta lallaɓa ta cusa a ƙasan jaka. Gero kuwa kada ku wahalar da kanku: a shagon 'yan Pakistan ku ce bajra, dawa ku ce jowar, tsamiya imli. Wata shida muka yi muna kewar kunu alhali garin geron yana kan kanta a bayan layinmu, sunan ne ba mu sani ba.

Makon farko ka yi wa kowa rajista da likitan unguwa, kyauta ne, ka tafi da katin rigakafin yara. Maganin da likita ya rubuta ma kyauta ne a Sikotilan tun 2011. In ciwo ya taso da dare kira 111, in na gaggawa ne 999. Hukumomin lafiya suna ba kowa shawarar shan sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 a rana daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata irinmu da matan da ke rufe jiki kuwa duk shekara. Ciwon gaɓoɓi da kasalar da mutanenmu ke ɗora wa sanyi, sau da yawa ƙarancin wannan bitamin ne. In kuna da mai sikila a gida, ka faɗa wa likita tun ranar farko a haɗa ku da sashen jini, domin sanyi yana tayar da ciwon, kuma yaron nan shi ne na farko da za a saya wa kaya masu kyau.

Makaranta ta unguwa ake ba yaro gwargwadon adireshi, ta shafin hukumar birni ake nema, shi ya sa gida ke zuwa kafin makaranta. Daga aji ɗaya zuwa biyar na firamare abincin rana kyauta ne, kana iya zaɓa masa marar nama ko na halal inda akwai. 'Yan shekara uku da huɗu suna da awa 1,140 na renon yara kyauta a shekara. Duk wanda bai kai 22 ba yana hawa bas kyauta in an yi masa kati, ka nema da wuri. Sai abin da ya kamata ku zauna ku biyu ku tattauna tun kuna gida: daga 7 ga Nuwamba 2020 dukan yaro kowane iri laifi ne a Sikotilan, har ɗan marin da muke kira gyara. Malamai suna tambaya, yara suna ba da amsa. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida ma yana jawo magana, kuma nan babu kaka, babu maƙwabciyar da za ka ce ta sa ido. Lasisin tuƙinka na Najeriya wata goma sha biyu yake yi maka, bayan nan sai ka ci jarrabawarsu.

Na bar maganar maman yara a ƙarshe don ita ce na fi yin sakaci a kanta. Ni ina da wurin zuwa, ina da abokan aiki, har na fara gane Turancin mutanen Gilasgo, wanda wata biyu na yi ina cewa a maimaita. Yara sati uku suka yi suka saje. Ita kuwa, macen da ta bar aikin koyarwa, ta bar gidan da ba a rufe ƙofa, biki yau suna gobe, ta koma zaman ɗaki huɗu da taga mai kallon ruwa. Ba ta yi ƙorafi ba. Barci ya yi yawa, magana ta ragu, abinci sai ta tsakura. Wata rana cikin Fabrairu na dawo na tarar ba ta ɗaga labule ba tun safe, ta ce min, "Abban yara, to me zan gani?" Ina aikin jinya, na san sunan abin a littafi, amma a gidana sai da ya kai haka na gane shi.

Abin da ya taimaka ba wani abu ne mai tsada ba. Kowace rana, ko ana ruwa, ta fita tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya, lokacin da ɗan hasken yake. Ranar hutuna muka fara zuwa gidajen gilashi na lambun Botanic, shiga kyauta, ciki da ɗumi da itatuwan ƙasashe masu zafi, ta zauna a benci ta cire safar hannu. Laburaren unguwa akwai ɗumi da ajin Turanci. A masallaci ta haɗu da wata 'yar Zariya da wata 'yar Damagaram, daga nan aka sa ta a zauren matan Hausawa, aka fara kai wa juna miya. Bizarta ta ba ta damar aiki, yanzu tana taimaka wa malamai a wata firamare. Kafin ku taso, ka nemo mata lambar mace ɗaya aƙalla da ke garin, su fara gaisawa tun tana gida. In tana da aikin gwamnati, ta nemi hutu ba albashi maimakon ajiye aiki. Filinka ko gidanka ma kada ka sayar don kuɗin jirgi in akwai wata hanya. In kuma nauyin zuciyar ya wuce mako biyu, ku je wurin likita, abu ne da suke gani kowace shekara.

'Yan'uwa kuma ka gaya musu gaskiya tun wuri, cewa wata shida na farko ba za su ga komai ba sai na Hajiya. Za a yi gunaguni, zai wuce.

Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, washegari magariba ta faɗo kafin ƙarfe biyar. A makon nan nake karɓo sabon jadawalin salla daga masallaci, in gwada tukunyar gas tun kafin a shiga layin masu gyara, in ɗauki hoton mita in tura wa kamfani, in sayo bitamin D na gida duka, in fito da takalman yara in ga wanda ya matse. Na autan kullum ya matse.